Daga Ɗakin Duhu Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Ɗaukar Hoto da Darasinsa ga Mai Son Ƙwarewa

Gabatarwa

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A yau da wuya ka shiga ɗakin lacca ko makwancin ɗalibai ka sami wanda ba shi da kyamara a aljihu, tun da kusan kowace wayar hannu da tata take zuwa. Ranar bikin yaye ɗalibai, ko ranar da aka fita ziyarar wuraren tarihi, sai mutum ɗaya ya ɗauki hoto ɗari ko fiye. Amma in an dawo an zauna dubawa, sai a tarar wannan ya yi duhu, wancan ya yi dishi-dishi, wani kuma an yanke wa mutum hula ko ƙafa. Daga nan sai a ɗora wa waya laifi, a ce ai ƙarama ce, a shiga tara kuɗin sayen babba. Alhali kuwa a gidajenmu da yawa akwai tsohon hoton kaka, baƙi da fari, wanda aka ɗauka sau ɗaya tak da akwatin katako mai ƙafa uku, amma har gobe wanda ya kalle shi sai ya sake kallo.

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce mu bi tarihin ɗaukar hoto tun daga tushe har zuwa kyamarar dijital ta wannan zamani, domin mu ga abin da rashin kayan aiki ya tilasta wa mutanen da suka koya, wanda mu kuma yawan kayan aiki ya sa muka manta. Mai karatu zai ga cewa na'ura ta yi ta sauyawa, amma abubuwan da ke sa hoto ya yi kyau suna nan yadda suke.

Asalin abin: haske da ɗakin duhu

Ita dai kalmar hoto aro ce daga Ingilishi, su ma Turawa daga Girkanci suka haɗa ta, ma'anarta kuwa rubutu da haske. Kalmar kyamara ma ta samo asali daga Latin, inda take nufin ɗaki. Dalili kuwa shi ne, tun kafin a san hoto, masana sun lura cewa in aka rufe ɗaki ya yi duhu ƙirin, aka huda 'yar ƙaramar kafa a bango, to, surar abin da ke waje za ta bayyana a bangon da ke fuskantar kafar, amma kai a ƙasa. Daga cikin waɗanda suka yi wa wannan al'amari bayani na ilimi akwai Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitab al-Manazir ya nuna cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya taso daga abu ya shiga ido.

To, kowace kyamara, har da wadda ke bayan wayar mai karatu, wannan ɗakin duhun ne aka ƙanƙanta. Akwai kafar da haske ke shiga, akwai murfin da ke buɗewa ya rufe, akwai kuma bangon da surar ke sauka a kai. Saboda haka darasi na farko da tarihi ya bar mana shi ne, abin da kyamara ke kamawa shi ne hasken da ya sauka a kan mutum ya dawo. Wanda bai kula da inda haske yake fitowa ba, bai fara ɗaukar hoto ba tukuna.

Zamanin jira

Ganin sura a bango abu ne mai sauƙi, tsayar da ita kada ta ɓace shi ne ya gagari mutane ƙarni da yawa. Wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce shi ya ɗauki hoton da ake ƙirgawa mafi tsufa cikin waɗanda suka saura, wajen 1826 zuwa 1827. Ya shafa wani irin kwalta a farantin ƙarfe, ya sa shi cikin akwati, ya fuskantar da shi ga tagar gidansa. Sai da farantin ya sha haske na aƙalla awa 8 kafin surar ta kama, har ma rana ta haska gine-ginen ta ɓangarorin biyu, don ta taso daga gabas ta karkata yamma ana cikin ɗauka. Wannan faranti yana ajiye a Jami'ar Texas da ke Amurka.

Bayan rasuwar Niépce a 1833, abokin aikinsa Louis Daguerre ya ci gaba, ya koma amfani da farantin tagulla da aka shafa wa azurfa, lokacin ɗauka ya ragu zuwa 'yan mintoci. Gwamnatin Faransa ta sayi wannan dabara ta bayyana wa duniya ranar 19 ga Agusta, 1839. Akwai wani hoto da Daguerre ya ɗauka a 1838 na wani babban titi a birnin Paris, wanda ya kamata kowane mai koyo ya sani. Titin a cike yake da mutane da kekunan doki, amma a hoton sai ya fito fayau kamar an yi shara, domin duk abin da ke motsi bai daɗe a wuri ɗaya ba balle ya kama. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Tsayuwarsa ce ta sa ya shiga tarihi.

A Ingila kuma William Henry Fox Talbot ya fito da tasa hanyar a 1841, wadda ake fara samun nagatif, watau hoton da fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari, sa'an nan a buga kwafi da yawa daga gare shi. A 1851 Frederick Scott Archer ya kawo hanyar shafa magani a gilashi, wadda dole a ɗauka a kuma wanke tun maganin bai bushe ba. Wannan ya sa Roger Fenton, da ya tafi ɗaukar hotunan yaƙin Kirimiya a 1855, sai da ya tafi da keken doki guda wanda ya mayar ɗakin wanke hoto.

A hankali lokacin ɗauka ya yi ta raguwa. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa a Kalifoniya, ya ɗauki doki yana gudu, ya tabbatar cewa akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke tashi daga ƙasa. Darasin wannan zamani shi ne, tsawon lokacin da murfin kyamara ya yi a buɗe shi ke yanke hukunci a kan duk abin da ke motsi. Wanda ya je kallon hawan salla yana son ya tsayar da doki cikin sukuwa, sai murfin ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 ko 1000 na sakan. A wuri mai ƙarancin haske kuwa kyamara takan daɗe a buɗe, shi ya sa hoton dare ke yin dishi-dishi in hannu ya girgiza. Maganin abin tun zamanin Daguerre bai sake ba, a jingina kyamara da wani abu, a kuma ce wa wanda ake ɗauka ya tsaya cik.

Kyamara ta shiga hannun kowa

Har zuwa wannan lokaci ɗaukar hoto sana'ar masu sanin haɗa magunguna ce. George Eastman na birnin Rochester a Amurka shi ya sauya wannan. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak, 'yar akwati wadda ake sayarwa dala 25 da fim a ciki na hoto 100. In fim ya ƙare sai a aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa kamfani, su wanke, su buga, su sa sabon fim, su dawo da ita. Tallarsu ma cewa take yi aikin mai saye danna maɓalli kurum, sauran aiki nasu ne. A 1900 suka fito da Brownie a kan dala 1, har yara suka fara ɗaukar hoto. Sa'an nan a 1925 kamfanin Leitz na Jamus ya fara sayar da Leica, wadda Oskar Barnack ya ƙera, 'yar ƙarama mai amfani da fim na milimita 35.

Da kowa ya sami damar danna maɓalli, sai aka gane cewa danna maɓalli daban, ɗaukar hoto daban. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi suna ne da Leica da kuma haƙurin jira. A 1932, a bayan wata tashar jirgin ƙasa ta Paris, ya ɗauki wani mutum yana tsallake ruwan da ya kwanta, daidai lokacin da dugadugansa ke gab da taɓa ruwan, inuwarsa kuma tana ƙarƙashinsa. Da ya riga da ƙiftawar ido ɗaya, ko ya makara da ɗaya, da babu hoton. Littafinsa na 1952 ya yaɗa wannan ra'ayi cewa kowane al'amari yana da wani ɗan lokaci da yake cika, aikin mai hoto shi ne ya tsaya a inda ya dace ya jira shi. A Amurka kuma, wajen 1940, Ansel Adams da Fred Archer suka tsara hanyar raba haske mataki-mataki daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, domin mai hoto ya san yadda hotonsa zai fito tun kafin ya danna.

Gwanayen Afirka ta Yamma

Kada mai karatu ya zaci wannan tarihi na Turawa ne kaɗai. A Bonny da ke kudancin Nijeriya an yi Jonathan Adagogo Green, wanda ya rasu a 1905, yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙi hoto sana'a. Amma wanda labarinsa ya fi dacewa da maganarmu shi ne Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali. Ya fara ne da Brownie da kawunsa ya kawo masa a 1935, ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. Yawancin aikinsa a tsakar gida yake yi da hasken rana. Yakan rataya zane mai ado a baya, ya ajiye rediyo da agogo da keke da babur don masu son a ɗauke su da su. Saboda tsadar fim kuwa, sau ɗaya yakan ɗauki mutum. Wannan ya sa kafin ya danna sai ya gyara wa mutum zama, ya karkata masa kafaɗa, ya daidaita hannu da ɗaurin ɗankwali, ya tabbata haske ya sauka a fuska yadda yake so.

Keïta ya adana nagatif ɗinsa dubbai cikin kulawa. A 1991 aka baje wasu hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba, aka bi sawu har Bamako aka same shi, a 1994 kuma aka yi baje kolin aikinsa shi kaɗai a Paris. Ya rasu a 2001 duniya ta san shi. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé, wanda ya shahara da hotunan samari da 'yan mata a wuraren rawa, shi ma ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venice a 2007.

A Nijeriya kuma akwai J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda daga 1968 ya duƙufa ɗaukar salon kitson mata, har ya tara kusan hoto 1000. Yawanci ta baya yakan ɗauka, da bango wanda ba kome a jikinsa, domin ido ya tafi kan kitson kai tsaye. Ga ɗalibin Hausa wannan abin lura ne ƙwarai, don aikin Ojeikere ya zama taskar al'ada wadda masu bincike ke komawa gare ta. Abu ɗaya ya zaɓa ya bi shi shekara da shekaru.

Zuwan dijital

A 1969 Willard Boyle da George Smith na ɗakin binciken Bell a Amurka suka ƙirƙiro wata 'yar na'ura mai mayar da haske lantarki, wadda ake kira CCD, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. A watan Disamba na 1975 wani matashin injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko da ita. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Su waɗannan ɗigogi su ake kira fiksel, miliyan ɗaya daga cikinsu kuwa megafiksel. A 1976 wani ma'aikacin Kodak ɗin, Bryce Bayer, ya sami rajistar dabarar da ke ba hoton dijital launi, inda ake rufe rabin ɗigogin da matacin kore, rubu'i da ja, rubu'i da shuɗi. Yawancin kyamarori har yanzu a kan wannan tsari suke.

Shugabannin Kodak ba su yi hanzarin fitar da wannan ƙirƙira kasuwa ba, domin ribarsu a fim take. A 1991 ne suka fito da ta ƙwararru mai megafiksel 1.3, a 1999 kuma Nikon ya fito da D1 mai megafiksel 2.7, wadda 'yan jarida suka runguma. A shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka suka inganta wata na'urar kama haske mai suna CMOS, wadda ba ta cin batir da yawa, ita ce kuma ta ba da damar sa kyamara cikin waya. A 2000 kamfanin Sharp ya fito da waya mai kyamara a Japan, hotonta ɗigo 110,000. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, iPhone ta fito a 2007, a watan Janairun 2012 kuwa Kodak, wanda a cikin gidansa aka haifi kyamarar dijital, ya kai kansa kotu neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Mai karatu ya dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Manyan jaridun duniya sun buga hotunan da aka ɗauka da megafiksel 2.7 a shafinsu na farko. Wayar da ɗalibi ke rainawa a yau ta ninka wannan sau da yawa. Ashe ke nan yawan megafiksel ba shi ne abin da ya rage mana ba.

Baƙar fata da ma'aunin haske

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafe mu kai tsaye. Daga shekarun 1950 masu wanke hoto mai launi sukan daidaita injinansu da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Sakamakon haka fim ya fi iya fitar da farar fata, baƙar fata kuwa takan fito ba a ganin kamanninta sosai. Wata malama a Jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta nuna a bincikenta na 2009 cewa daga cikin abin da ya sa aka gyara fim har da koke-koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda launin hajarsu ba ya fita a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata dabam-dabam. A 2021 ma kamfanin Google ya yi shelar gyara kyamarar wayarsa don ta riƙa fitar da baƙar fata daidai.

Ban da wannan, ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yakan yi ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. To, in baƙin mutum ya sa farar babbar riga ya tsaya cikin rana tsaka, sai ma'aunin ya ga fari ya yi yawa ya rage haske, fuska ta dulmuye cikin duhu. Haka kuma in ya ba taga ko rana baya. Wanda ya san wannan sai ya kai mutumin inuwar bango ko bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe, ya taɓa fuskarsa a allon waya domin kyamara ta auna haske daga nan, in da hali ya ɗan ƙara haske da hannu.

Abin da za mu ɗauka

In muka tattara abin da ya gabata, za mu ga kowane zamani ya bar wa mai kyamarar dijital gado. Daga Ibn al-Haisam da Keïta mun koyi duba haske kafin duba mutum. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya ya fi na tsakar rana taushi, don na tsakar rana yakan jefa inuwa cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hula. Daga Daguerre da Muybridge mun koyi riƙe kyamara da hannu biyu da kula da motsi. Daga Ojeikere mun koyi share bayan hoto, watau a duba kada turken lantarki ya tsiro daga kan mutum, ko bokiti da shanya su raba hankalin mai kallo. Tun 1797 wani mai zane a Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta shawarar raba fili kashi uku, a ajiye abin da ake so a kan layin rabon maimakon tsakiya. Yawancin wayoyi suna da waɗannan layuka in an kunna su.

Har ila yau, gara mutum ya taka da ƙafarsa ya matsa kusa da ya jawo hoto da yatsa, domin a yawancin wayoyi jawowar yanke hoton take yi ta buɗa ɗigoginsa, sai ya dushe. A riƙa goge idon kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Wanda kuma yake son ya hori kansa, to, ya gwada dabarar zamanin fim, ya fita yini guda da niyyar ba zai wuce hoto 36 ba, adadin da fim ɗin milimita 35 ya saba ɗauka. Zai ga yadda idonsa zai fara auna abu kafin yatsa ya motsa, da ma an ce ido ba mudu ba ya san kima. Amfanin dijital a nan shi ne mutum yana ganin kuskurensa nan take, har kyamara takan ajiye bayanin saurin murfi da sauran ma'aunai tare da kowane hoto, abin da masu koyo a da sai sun rubuta a littafi su jira kwanaki kafin a wanke.

Kammalawa

Abu na ƙarshe shi ne adanawa. Da Keïta bai ajiye nagatif ɗinsa ba, da ba wanda ya san shi a yau. Mu kuwa hotunanmu suna cikin wayoyin da kan faɗa ruwa, ko a sace, ko a sayar. Ana iya wayar gari a tarar zamanin da ya fi kowane ɗaukar hoto shi ya fi kowane rashin abin nuna wa jikoki. Ya kamata mu riƙa zaɓen na ƙwarai muna share tarkace, mu ajiye kwafi a wuri biyu, mu buga kaɗan a takarda, mu rubuta sunan wuri da shekara.

Mu da muke nazarin harshe da al'ada, aiki yana jiranmu. Akwai marina da maƙera da majema, akwai tsofaffin gine-ginen ƙasa masu zanen dagi waɗanda ake rushewa ana sa bulo, akwai tsofaffinmu masu tatsuniya da tarihin gari a ka. Kyamarar da za ta adana su tana aljihunmu, ta kuma fi wadda Keïta ya yi aiki da ita sauƙi nesa ba kusa ba. Saura mu nemi izinin wanda za mu ɗauka, mu duba inda haske yake, mu yi haƙuri mu jira.